Saniya a Kafaɗa

Kyamarata ta farko da karsanar Dada, mahaifiyata, aka saye ta. Ba ita ta gaya mini ba, kuma har ta koma ga Allah ba mu taɓa yin zancen ba. Kawuna, ƙanenta, shi ya same ni a ɗakin da nake haya a unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo, ya ce in shirya za mu Kano. Na ce me za mu yi a Kano? Ya ce, "Abin nan da ka ishe mu da maganarsa, mai ɗaukar mutane suna motsi." Sai da mota ta yi nisa sannan ya faɗa mini jar karsanar nan ce ta tafi, jikar saniyar da Dada ta gada daga uwarta. Ya ƙara da cewa in na kuskura na je yi mata godiya, to babu ruwansa.

Ni ne ɗan fari. A wajenmu Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama hira da shi. A hannun kakata na tashi. In na je rugarmu, can gaba da Sunkani, na durƙusa daga gefe na gaishe ta, ƙwaryar da ke gabanta take amsa wa. In ta so a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Wancan ya ci?" Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na buɗe ido na ga ana yi. Abu ɗaya ne yake cina a rai. Dangi sun yi ta surutu wai an sayar da mai haihuwa an sayo mai cin batir, ni kuwa ba ni da hanyar sanin ko ita ma haka take gani. Shekaru ina ɗauke da kyamarar, ko sau ɗaya ban ga Dada ta ɗaga ido ta dube ta ba.

Kyamarar kuwa ta ci sunanta. Baƙa ce, ƙatuwa, a kafaɗa ake ɗora ta, tana haɗiye kaset ɗin bidiyo sukutum, irin wanda ake sa wa a gida. In na yi awa biyu da ita sai wuyana ya sage. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da ma'aikata daga ko'ina, kowa da irin bikinsa. Da safe ina koyarwa a firamare, Asabar da Lahadi kuwa ina wajen ɗaurin aure, ko suna, ko godiyar coci, ko walimar wanda aka yi wa ƙarin girma. Ina shiga wuri za ka ji ana cewa, "A ba mai bidiyo hanya." Manya masu babbar riga suna gyara zama saboda ni. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura, kuma har yau ban ga laifina sosai ba.

Aikin biki yana da dokokinsa, kuma na haddace su. Dole kowace fuska ta fito, don in ka tsallake gwaggon amarya ka shiga uku. Dole kwanan wata ya zauna a kusurwar hoto, kada gobe a yi gardama. Dole ka jawo kulolin abinci da akwatunan lefe kusa a cikin hoto, ka mayar, ka sake jawowa, masu gida su ga an ga arzikinsu. Da waɗannan na yi suna, har daga garin Iware ake aiko mini.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in kaset-kaset na wasan Hausa suka fara shigo mana daga Kano. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, muka ce su wa suka fi? Shugabanmu wani tsohon malamin makaranta ne, gajere mai babbar murya, muna ce masa Darakta tun kafin ya san aikin darakta. Ya rubuta labari a kan wata tsohuwa mai tallan nono da maƙwabcinta manomi. Maganar wanda zai ɗauka kuwa ba a ma tayar da ita ba. A garin nan wa zai ɗauka in ba ni ba?

Sai ga Madam. 'Yar wajen Wukari ce, ma'aikaciya a wani ofishin gwamnati, a wasanmu ita ce nas. An tura ta kwas ƙasar waje ta dawo. Wata rana muna gwaji a wani aji, ta buɗe jakar hannunta, jakar da take sa hoda da makulli, ta ciro wani abu da bai fi kwanon sha ba. Ta ce kyamara ce. Ta ɓalle wata 'yar taga a gefenta, sai ga mu duka a ciki muna motsi. Kaset ɗinta kamar akwatin ashana.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Madam, wannan tsarabar yara ce aka manta ba a ba su ba?"

Ta ce, da Hausarta irin ta ofis, "Malam, wannan dijital ne. Ya fi naka gani, ya fi naka ji."

Na ce tawa tana cin awa uku ba ta numfasa ba, tata awa ɗaya ta ƙoshi. Na ce kaset ɗina ko kasuwar Jalingo na shiga zan saya, nata sai an aika Legas. Na ce tawa kafaɗa ke riƙe ta, ba ta rawa, tata ko numfashi mutum ya yi sai hoto ya girgiza. Duk gaskiya na faɗa, har gobe. Ita kuwa ba ta musa ko ɗaya ba, sai ta ce, "To, a gwada mana."

Darakta ya buga tebur ya ce gani ya kori ji. Za a ɗauki fitowa ɗaya da kyamara biyu, a kalla a talabijin ɗaya, wadda ta fi ita za ta yi fim ɗin. Fitowar da ya zaɓa ita ce ta farkon labari, tsohuwa tana kaɗa nono a bakin bukka. Ya ce saura a samo tsohuwa ta gaske, ba 'yar wasa da aka shafa wa toka a ka ba.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba sai an nema ba, a zo mu je rugarmu. A raina ina so Dada ta ga mutanen gari, har da mai mota, sun biyo kyamarar nan zuwa ƙofarta, kuma ina so kyamarar ta yi nasara a gaban mai ita. In ta ci, bakin dangi ya mutu. In an kayar da ita kuwa, to an kayar da karsanar Dada ne a kan 'yar abar da ke kwana da hoda a jaka. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne wanda kowane yaro a rugarmu ya sani, wato Dada ba za ta fuskanci inda nake tsaye ba. Da bakina na ɗebo da zafi.

Muka tafi ranar wata Asabar a ƙarshen damina, cikin a-kori-kurar wani ɗan ƙungiya. Duwatsu sun yi shar, shanu sun ƙoshi, nono har ana rasa inda za a zuba. Dada ta tarbi baƙi yadda ya kamata. Ta gaisa da Darakta gaisuwa mai tsawo, ta kama hannun Madam tana dariya tana tambayarta yara, ta sa aka kawo kindirmo da fura. Ni na durƙusa daga gefe, kyamara a cinyata, na gaishe ta. Ta amsa wa ƙwarya.

Ƙanwata ta yi mata bayanin abin da ake so. Ta ce in dai kaɗa nono ne, ai ko ba baƙi za ta kaɗa. Ta ɗaura jan ɗankwalinta, ta zauna a inuwar bakin bukka, ta rungumi gorar nono. Ni kuma na ja baya taku goma, na tsaya a gabanta sosai cikin rana, yadda nake tsayawa a gaban amarya. Na ɗora kyamara, na rufe ido ɗaya.

Dada ta juya mini gefe.

Na zagaya. Ta ƙara juyawa, sai ƙeyarta nake gani. Darakta, wanda ba Bafulatani ba ne kuma ya manta ko ni wane ne a gidan, ya ce, "Inna, ki dubi wajen mai kyamara mana." Ta ce masa nonon ya fi son wannan gefen. Ƙanwata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kawu ya ce bari ya je ya duba maruƙa, alhali maruƙan lafiyarsu ƙalau.

Raina ya ɓaci, gumi ya jiƙa mini riga. Na ce to tunda fuska ta ƙi, bari in nuna musu abin da na iya. Na jawo gorar kusa, na mayar. Na bi kan duk wanda ke tsakar gidan ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ce ban sa shi ba. Na juya ga shanu, na bi su a hankali har gindin dutse, hannuna ko gezau. Da na waiwayo sai na ga Madam ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma dab da Dada, 'yar kyamarar tana kan cinyarta, ko idonta ba ta kai kusa da ita ba, suna ta hira. Na ce a raina, an gama, ta sallama, ta koma zumunci.

Washegari da la'asar muka taru a falon Darakta, mu kusan goma sha biyu. Babu wuta, aka tayar da janareta. Darakta ya ce a fara da tawa, girma na manya ne. Kuma ya riga ya sa an yi kwafin kaset ɗina, an sake kwafa daga kwafin, don ya ce abin da zai isa kasuwa ke nan, ba na asali ba. Muka fara da na asalin.

A ba ni haƙƙina, duwatsun sun fito, shanun sun fito, hoto bai yi rawa ba ko kaɗan. Wani ma ya ce kamar a talabijin na gwamnati. Amma ga kwanan wata ya yi zaune a kusurwa, na manta ban kashe shi ba. Jan ɗankwalin Dada ya zube ya malala har kan bangon bukka, kamar rinin da ya sha ruwa. Inda fuskarta take, inuwa ta cinye, baƙi ne kawai. Abin da ake ji iska ce da zakara. Sannan ga fuskokin jama'a suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana washe baki. Darakta ya ce, "Malam, fim muka ce ko suna?" Aka yi dariya, ni ban yi ba. Da aka sa kwafi na biyun, Dada ta zama wata inuwa mai jan kai tana motsi. Ko ni da ta haifa ba zan rantse ita ce ba.

Duk da haka ban karaya ba. Na tanadi maganganuna a baki, ina jira na Madam ya fara rawa in zazzage su.

Ta jona waya daga 'yar kyamarar zuwa talabijin. Ya yi rawa kuwa, da farko, har na gyara murya. Sai hoton ya tsaya, fuskar Dada ta cika talabijin.

Shekarata talatin da 'yan kai a lokacin, ban taɓa kallon fuskar mahaifiyata gaba da gaba na tsawon minti guda ba. Na san muryarta, na san tafiyarta daga nesa, na san bayan hannunta. A falon Darakta na fara ganin baƙin zanen da ke gefen bakinta layi-layi, kowane a rarrabe. Jan ɗankwalin ya tsaya inda aka ɗaura shi. Na ga ashe tana da ɗan tabo ƙarƙashin idon hagu, daidai inda nawa yake. Ana jin nonon yana bugun cikin gora, ana jin awarwaronta, har numfashinta ana ji. Maganganun da na tanada ban san inda suka bi ba.

Can sai idonta ya bar gorar ya tafi gefe. Madam ta ɗan karkata kyamarar ta bi inda take kallo. Ni ne, a can cikin rana, na ba su baya, ƙatuwar kyamara a kafaɗa, ina bin shanu. Hoton ya dawo kan Dada. Ba satar kallo take yi ba, kallo take yi sosai, hannunta ma ya daina kaɗawa.

Aka ji muryar Madam tana cewa, "Mama, yaronki ya iya aiki, ko?"

Dada ta mayar da ido kan gora da sauri. Ta ce, "Ni ban san wani yaro ba." Ta kaɗa sau biyu ko uku. Sannan ta nuna da haɓa, ta rage murya, ta ce, "Amma abin kafaɗar can, nagge am ne. Saniyata ce."

Madam ta ce, "Saniya, Mama?"

Ta ce, "Sun ce ba ta haihuwa. To ba ga ku ba? Daga Jalingo kuka biyo ta har ƙofata, da motarku. Saniyar banza wa yake bin ta?" Ta sake duban wajen da nake, bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi ta fasa. Ta ce, "Makiyayin ma ba laifi."

Daga nan na waiwayo a cikin hoton, ita kuma ta juya ƙeya.

Darakta ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Madam ta kashe kyamarar ta ce mini, "Malam, ka yi haƙuri. Ban gane maganar saniya ba, da na nuna maka kai kaɗai." Na fita waje na tsaya gindin mangwaro. Kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa, kuma ban taɓa jin girma irin na ranar ba, ko a gaban masu babbar riga.

Da na dawo Darakta ya fara kame-kame, wai kowace kyamara da inda ta fi, wai a sake gwadawa a wani wurin. Tausayina yake ji, ni kuwa ba na son a tausaya mini. Na ce, "Darakta, kowa a nan yana da ido. Ƙaramar ta fi gani, ta fi ji, kuma daga ita kwafi ɗaya ne zuwa kasuwa. Da ita za a yi." Na faɗa da ƙarfi, kuma ko ɗigon ciwo ban ji ba. Abin da na je rugarmu nema na riga na samu, a cikin kyamarar da na yi wa dariya.

Madam ta ce ita ofis ba zai bar ta ta bi mu ƙauye kullum ba, kuma kowa ya ga hannun da ya bi shanu bai girgiza ba. Ta miƙo mini 'yar abar. Sati biyu tana koya mini, tana dukan hannuna duk lokacin da ya kai kan maɓallin jawowa. Ta hana ni bin fuskoki, ta ce in zauna kusa, in yi ƙasa, in yi shiru, in jira. Na sha faɗa a wajenta kamar ɗan aji ɗaya, na kuma shanye.

Babbar ma ba ta zauna a gida ba. Ranar farko da muka je ɗauka a Iware, mutanen da za su fito a matsayin 'yan kasuwa suka ƙi motsi. Suka dubi abin da ke hannuna suka ce ina kyamarar? Wai ba za su bar gonakinsu don a yi musu wasan yara ba. Dole aka koma aka ɗauko ta Dada, muka kafa ta a kan ƙafafunta, babu kaset babu batir. Nan take kowa ya gyara hula ya kama aiki, ni kuma ina tsugune a gefe ina ɗauka da ƙaramar. Haka muka yi har fim ya ƙare. Duk inda muka sauka ita ake fara saukewa daga mota, jama'a su biyo ta. Kawu da ya ji labari ya ce ai dama garke ba ya tafiya sai da ta gaba.

Fim ɗin ya fita, an kalle shi a Jalingo da kewaye, har wasu suka ce ba a nan aka yi shi ba, abin da ya fi komai yi mana daɗi. Wata tsohuwa daban muka samu ta yi fitowar nonon. Na roƙi Madam ɗan kaset ɗin gwajin ta ba ni, na kuma roƙi duk wanda ke falon kada maganar ta koma ruga. In Dada ta ji cewa na ji, kuma a gaban mutane, ba za ta ƙara sakewa ba ko da baƙi. Sun riƙe amana, Allah ya saka musu. Kaset ɗina na wannan rana tuni danshi ya cinye shi. Na Madam na sa an juye mini shi sau da yawa daga wannan na'ura zuwa waccan, kuma har yanzu zanen gefen bakin Dada yana nan layi-layi.

Bayan an gama aikin na je gida. Na same ta a bakin bukkar nan, da gorar nan. Na ajiye babbar kyamarar a kan tabarma, a inda ko ba ta juyo ba za ta gan ta, na durƙusa daga gefe na gaishe ta. Ta amsa wa ƙwarya. Na daɗe a durƙushe fiye da yadda na saba, ina kallon ƙasa, don in tana son duban wani abu ta samu sarari.

Can na ji ta ce wa ƙanwata, "Wancan ya ci?"

Aka kawo mini fura da nono. Na shanye, na miƙa ƙwaryar a ƙaro.